Wayoyin da Nababa ya ƙi cirewa daga gwaji

Da an sallame sallar asuba Nababa yake kunna kwamfutarsa, don a ƙauyensu na gefen Ɗanbatta lokacin ne kawai intanet ke tafiya ba gardama. Yakan shimfiɗa buzu a zaure, ya jera tsofaffin wayoyi a kan faifai, kowacce da igiyarta, ya saki gwaji, sannan ya tafi ba tumaki dusa.

Sunansa na yanka Abdulrashid. Ya yi karatun kwamfuta a Kano, ya ɗan yi aiki a can, sai ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifinsa, ya dawo gida ya karɓi gonar gero da ta gyaɗa. Bai bar sana'arsa ba. Yana cikin wasu 'yan tsiraru da ke rubuta wani laburaren manhaja, wato tarin ƙananan lissafai da masu haɗa manhajojin kiwo ke ɗauka su saka a nasu, a waya ko a kwamfuta, Android ce ko Windows ko Linux. Shi ba ya ƙirƙirar komai da za a gani a yaba. Nasa shi ne gwaji. Ya ɗauki lissafi guda, ya ba shi tambayar da ya riga ya san amsarta, ya duba ko zai faɗi daidai a kan kowace na'ura. In ya yi daidai layi ya fito kore, in ya kauce ya fito ja.

Lissafin da ya fi damunsa shi ne na maganin dabbobi. In an yi wa saniya ko akuya allura, akwai kwanakin da ba a shan nononta, kuma laburaren ne ke ƙirga su. Maƙwabciyarsa Inna Hure, mai sayar da kindirmo, da irin wannan manhaja take aiki, a wata waya da aka ɗaure bayanta da roba.

A damunar bara gwajin wannan lissafi ya fara yi masa wasa. A kwamfutoci kore, a sababbin wayoyi kore, amma a tsofaffin wayoyin faifai yau kore, gobe ja. Jamil, shugaban aikin, da ke zaune a Kano, ya ce gwajin da ba ya tsayawa a magana ɗaya ba gwaji ba ne. Masu manhaja na jiran sabuwar fitarwar laburaren, don haka a cire tsofaffin wayoyin daga jeri a wuce wurin. Ba mugunta ba ce, kowa ya gaji. Nababa ya ce a ba shi zuwa ranar kasuwa. Ya san in aka cire su sau ɗaya ba mai sake waiwayarsu, kuma irinsu ne a hannun rabin garin.

Ya karanta lissafin har idonsa ya yi yaji, bai ga aibu ba. Ranar da hadari ya hana solarsa cika, ya kwashi wayoyin ya kai wa Hashimu mai caji a bakin tasha. Hashimu bai tambaye shi komai ba, ya ɓalle bayansu, ya zare baturan, ya maƙala su a 'yan cajojin nan masu baki kamar ƙaguwa.

"Haka kake yi wa ta kowa?" in ji Nababa.

"Injiniya, soket nawa ka gani a nan? Wayar ta huta, batir ya ci abinci."

Da aka mayar da baturan, Nababa ya kunna ɗaya ya dubi kwanan wata. Ta koma wata shekara da ko aurensa ba a yi ba. A gida ma ƙannensa kan zare baturan su ara, shi ya sa jan ke zuwa yana tafiya. Wayar da agogonta ya koma baya takan ga ranar allura tana gaba, lissafin ya juye ya zama kamar an shekara da yin ta, ya ce a sha nono. Duk cikin masu rubuta laburaren ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa agogon waya na iya ja da baya.

Ya rubuta sabon gwaji wanda da gangan yake mayar da agogo baya, ya tura wa Jamil ba dogon bayani. Ya fito ja a kan kowace na'ura, har da kwamfutar Jamil ɗin. Aka ɗage fitarwar, aka gyara laburaren ya daina ba da amsa in kwanan wata bai yi hankali ba, sai dai ya ce a gyara agogo tukuna. Jamil ya yi ƙorafin jinkirin, amma ya bar tsofaffin wayoyin a jeri.

Ganin ƙarshe da aka yi masa kafin girbi ya ɗauke hankalin kowa, yana tsugune a ƙofar gidan Inna Hure, wayarta a hannunsa, yana nuna mata inda ake saita kwanan wata. Ta ce ita ba za ta iya tunawa ba. Ya zare batirin, ya mayar, ya miƙa mata ta gwada da kanta.