Ranar da ordinatar ta nemi sunan miji

Ko da zan manta da komai na zamana a Tanut, ranar da muka gwada ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, a gaban makiyaya ba za ta fita raina ba. Har yau in na tuna sai na ji haushi ya taso mini sabo fil.

Shekaru kaɗan ne bayan babban farin shekarar tamanin da huɗu. Ina aiki a biro, wato ofishi, na wani furoje, shirin taimako da ke raba wa makiyayan da dabbobinsu suka ƙare awaki, don su sake kafa garke. Tun lokacin farin an bi rugage da zanguna an rubuta kowane gida: sunan maigida, na mahaifinsa, da abin da ya rasa. Sai aka aiko mana da ordinatar daga Yamai, tare da wani saurayi masaninta. Muka yi watanni muna zuba bayanan ciki, sannan aka kwashe takardun aka kai Damagaram.

Saurayin ya ce zuba bayani kawai ba ya isa, sai an yi wa na'urar fihirisa, kamar ta bayan littafi, don in ka buga kalma ta kai ka wurin nan take. Ya tambayi shef, shugabanmu, da me za a riƙa nema. Shef ya ce, "Da sunan maigida mana, da me kuma?" Duk muka gyaɗa kai. Muka gwada tsakaninmu, wannan ya kira suna, wancan ya buga, sai ga gida ya fito. Muka yi ta tafi kamar mun ga wata sabo.

Ranar rabon farko aka tada gurup, injin ba da wuta, tun da safe, don wutar gari ba abin dogaro ba ce. Awaki na kuka a bayan biro, mutane sun yi layi. Doka ɗaya ce: wanda na'ura ta nuna gidansa ya karɓa, wanda ba ta nuna ba ya haƙura. Awakin kuma ba su kai yawan mutanen ba.

Komai na tafiya daidai har aka zo kan wata Bafulatana, dattijuwa, da ta tako a ƙasa daga wajen Tarka. Mijinta ne aka rubuta, ya rasu bayan nan, danginsu kuma fari ya watsa su kudu. Na ce, "Inna, mene ne sunan maigidan?"

Ta sunkuyar da kai.

Na sake tambaya da ƙarfi, na ɗauka ba ta ji ba. Ta ce a hankali, "Ɗana, ba na faɗi."

Kai! Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Wace mace ce a ƙasar nan take kiran sunan mijinta, balle Bafulatana mai kunya? Dukanmu mun san haka tun muna goye, amma ba wanda ya tuna sa'ad da muke tafi a biro. Na roƙe ta, na lallashe ta, na ce ta raɗa mini a kunne. Ta ja baya kamar na ce ta taɓa wuta. Na tambayi mutanen layi, ba wanda ya san su, ba zuriyarsu ɗaya ba.

Shef ya ce mu riƙa jero sunaye, in mun faɗa kan nasa ta yi alama. Muka yi ta kira kamar masu kiran yara a aji a lakkol, har aka zo kan wani suna ta runtse ido. Saurayin ya buga da murna. Na'ura ta zubo gidaje cike da gilashi, domin suna ne da rabin Fulanin Damargu ke amsawa. Saurayin ya ce, "To, sunan mahaifinsa fa?"

Na ce, "Surukinta? Haba malam! Na mijin ma ba ta faɗa ba."

Wallahi ranar na ji kamar in ɗauki na'urar nan in jefa rijiya. Ina jin haushin matar, ina jin haushin shef, ina jin haushin kaina da nake jin haushinta. Awaki na raguwa a idonmu, ita ko tana tsugune a bakin ƙofa, ta fi son ta koma hannu wofi da ta buɗe baki. Shef ya ce in aka yi la'asar ba a same ta ba, za a ba na bayanta rabonta.

Saurayin nan ya yi ta zufa yana buɗe gidajen ɗaya bayan ɗaya, duk iri ɗaya, ba abin da zai raba su. Can ya lura a ƙasan wasu akwai wurin ƙarin bayani, inda masu rubutu suka sa duk abin da makiyayi ya nace a rubuta. Makiyaya da yawa sunayen shanunsu da suka mutu suka bayar. Amma fihirisarmu ba ta san da wurin ba. Ya ce sai an sake gina ta ta haɗa da shi, kuma in gurup ya mutu a tsakiya, sai a faro daga farko. Aka tsayar da rabo, mutane na guna-guni, shef na zagaye yana tsaki, ni kuma ina tsaye kan gurup da jarkar mai ina addu'a. Na'ura ta yi ta ƙugi har aka yi azahar aka dawo, sannan ta gama.

Na ce, "Inna, shanunku fa? Kina iya faɗin sunansu?"

Ta ɗago kai. Matar da tun safe ba mu ji kalma goma daga bakinta ba ta fara jero su, uwa da ƴarta da jikarta, da wadda ta faɗi a hanyar rijiya, da wadda suka yanka da hannunsu don kada ta sha wuya. Saurayin ya buga uku daga ciki, sai gida ɗaya tak ya fito.

Don tabbatarwa ya karanta sunan mijin da na mahaifinsa da ƙarfi. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙyar ta ce, "Kun gan shi. Ku bar shi nan ciki."

Ta karɓi awakinta ta kora su arewa, ba ta waiwayo ba. Ni kuwa haushina ya koma kunya.

Na yi aiki da na'urori iri-iri bayan nan, kuma abin da na koya ranar bai taɓa barina ba. Gwajin da kuka yi ku kaɗai a biro ba gwaji ba ne. Kafin ka ce wa na'ura ga kalmar da za a nema da ita, fita waje ka ga ko mai neman zai iya furta ta.