Ƙwallon Surukina da Na Farke da Wuƙa

Lokacin da abin nan ya faru shekarata biyu da aure, haifaffiyar Madina ce ni, ga saurin fushi ga saurin yanke hukunci. Muna zaune a unguwar Bani Harisa tare da mahaifin mijina, dattijon da ya zo aikin Hajji a ƙasa tun yana saurayi, ya ratso Chadi da Sudan, bai sake komawa gida ba. Baba muke ce masa. Shi ya zaɓa wa ɗansa ni, kuma ko dabinon Khaibar aka kawo masa, nawa yake fara warewa.

Ciki biyu na yi suka zube. Likita a mustashfa, wato asibiti, ta ce ba ta ga wata cuta ba, in yi haƙuri, amma zuciyata ta ƙi. Na fara sa wa kowa ido, har idona ya sauka a kan Baba. Duk Juma'a bayan La'asar yakan tura ƙofa ya buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe. Rannan na leƙa. Sai na ga ya ɗauko wani dunƙulallen abu na jar fata, an ɗinke shi layi-layi, yana goga shi a cinyarsa yana murmushi shi kaɗai. Ga hoton wani Bature cikin fararen kaya, riƙe da faffaɗar sanda kamar muciya. Fata, ɗinki, ɓoyo, me ya rage? Na ce laya ce, kuma ni aka yi wa.

Na gaya wa mijina, ya ce in ji tsoron Allah, kayan ƙuruciyar tsoho ne, shi ma bai taɓa tambaya ba. Rashin tambayar nan ya ƙara min zargi. Na daina cin dabinon, gaisuwa ma sai daga bakin ƙofa. In ya ce 'yata, sai in amsa da Larabci a gajarce in wuce.

Ranar da ya tafi Harami sallar Azahar na buɗe akwatin, na sa wuƙa na farke abin. Ciki zare ne nannaɗe a kan wani ɓawon itace. Na ce ga ƙullin nan, khalas, magana ta ƙare. Na warware shi ina karanta Falaƙi da Nasi, na ƙona fatar. Da ya dawo na zube zaren a gabansa, a gaban ɗansa, na tambaye shi me na yi masa.

Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon zaren, sannan ya ce ƙwallon kurket ne, wani wasan Turawa da ake jefa ƙwallo a tare shi da sanda. Baturen da ke hoton malaminsu ne a makarantar midil. Ɗan masu hali ne, ya yi wa lardinsu wasa shekaru a Ingila bai taɓa karɓar ko sisi ba, don a wurin irinsu abin kunya ne a biya mutum kan wasa. Da gwiwarsa ta lalace ya bar fili, ya zo Arewa koyarwa har ya tsufa. Kullum yana tsayawa da sandarsa ɗalibai su yi ta jifa, ba wanda jifarsa ta taɓa wuce sandar ta fitar da shi daga wasa sai Baba, sau ɗaya. Nan take Baturen ya miƙa masa ƙwallon. Baba ya ce a hanyar Hajji ya rabu da bargonsa da takalmansa, wannan kaɗai ya iso da shi.

Ni da taurin kai ban yarda ba, sai da mijina ya karɓo wani a wurin abokin aikinsa ɗan Pakistan, ya farke a gabana. Zare iri ɗaya, ɓawo iri ɗaya. Na durƙusa ina kuka, Baba ya ce ya yafe, zafin rashi ne. Na saya masa sabo, ya juya shi ya mayar min, ya ce wannan bai yi tafiya ba. Har ya rasu, duk Juma'a ina ganin hannunsa yana goga cinyarsa, ba komai a ciki.

'Yan'uwa, abin da ba ku sani ba ku tambaya. Baƙin ciki yana neman wanda zai ɗora wa laifi, kuma na kusa yake fara kamawa. Yau 'ya'yana uku, babbansu sunan Baba ya ci. Ya ga hoton ya tambaye ni ina ƙwallon kakansa.