Shomari Tela da Littafin da Aka Ƙunshe Gyaɗa da Ƙarshensa

Shomari Kibwana, Allah ya jiƙansa, tela ne a Tanga ta ƙasar Tanzaniya, bayan kasuwar Ngamiani. Hannunsa na da kyau, amma ba da ɗinki aka fi saninsa ba. An san shi da wani littafin binciken kisa, labarin wani ɗan sanda gurgu mai baƙar magana, wanda ko gawa ya tarar sai ya tsokane ta. Duk wanda ya kawo wando sai ya ji, "Ɗan'uwa, nemi littafin nan, za ka yi dariya har cikinka ya ƙulle."

Da la'asar, a dandalin shan gahawa, yakan ba da labarin yana ɗingishi kamar ɗan sandan. Ƙarshen ya fi komai daɗi, inda ake gano ashe likitan gidan ne ya yi kisan. A nan kowa ke ajiye kofinsa.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, a hannun wata mai gyaɗa ya samu littafin, ta riga ta yage shafukan baya ta yi ƙunshi da su. A kan kekensa na ɗinki ya ƙirƙiro likitan.

Yabon nan nasa ne ya sa amininsa Athumani, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya nemo cikakken littafin daga Dar es Salaam. Ya zo da murnarsa, ya karanta wa dandali ƙarshen. Direba ne ya yi kisan.

"Tela, ina likitan naka?" in ji mai gahawa. "Ko ya tafi hutu?"

"Faci ya yi mana," in ji wani, "zaren ma bai dace ba."

Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Shomari ya sa takalmansa ya tafi, gahawarsa ko rabi bai sha ba. Daga ranar ya canja hanyar masallaci don kada ya bi ta dandali. Mai kawo wando kuwa, awo kawai yake samu.

Da ciwo ya kwantar da shi, Athumani ya zo dubiya da littafin, ya ajiye masa a ƙirji. Bayan littafin a yage yake. Ashe Athumani ya binciko yadda aka yi da na Shomari.

"Na kai wa mai gyaɗa shafukan," in ji Athumani. "Ƙarshen nasu ba daɗi. Yaya Shomari, don Allah, wa ya yi kisan?"

Shomari ya daɗe yana shafa wurin yagar da babban yatsa, kamar mai duba bakin yadi. Sannan ya juya fuskarsa ga bango.

"Direba ne," ya ce a hankali.

Bai sake tashi ba. Allah ya sa ya huta. A dandali har yau ana cewa baƙo ya nemi littafin, amma in ya tambayi wanda ya yi kisan, sai kowa ya dubi kofinsa.