Namijin Holi na Anti Verlene

Da safiyar Talata, tara ga watan Disamba, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Anti Verlene Purnell a gidanta da ke Snow Hill, tana da shekara tamanin da ɗaya. Mun yi rashi, kuma ina rubutun nan raina a ɓace.

Anti, kin tafi a watan da itatuwan holi na layinmu, masu ganyen nan mai ƙaya, suka yi jawur da 'ya'ya, kusan dukkansu kuwa hannunki ne ya dasa. Duk amaryar da ta tare sai kin kai mata dashe a tsohon bokiti, wanda kika tono daga dajin mahaifinki. Ba kya sayen na kanti. Kikan ce na gida ne ya san sanyinmu.

Amma ɗan lelenki shi ne namijin nan na bakin shinge, karkatacce, mai ƙaya, wanda bai taɓa yin ɗa ko guda ba. Daga furensa ƙudan zuma ke ɗibar garin fure su kai wa matan itatuwan su yi 'ya'ya, shi kaɗai ne namiji a layin. Ina tsaye ranar da maƙwabcinki Mista Dashiell ya zo da zarto, wai ganyen na soke masa ƙafa.

Ya ce, "Haba Verlene, itacen banza ne, ba ya haihuwa!"

Kika ce, "Kai kana haihuwa ne? Ga shi matarka ba ta sare ka ba. Je ka sa takalmi."

Tun ba a yi jana'izarki ba, dillalin gidaje ya zo ya ɗaura jan ƙyalle a jikin itacen, wai muninsa zai hana gidan sayuwa, ran Litinin za a sare. Na kwance ƙyallen, Anti. Mu matan da kika ba dashe mun shirya kujerunmu za mu zauna a gindinsa ranar, kuma sanyi ba zai kore mu ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan cocinmu da jikokinki, da ɗanki Lamont wanda ya yarda a sare. Lamont, na goya ka, ina kuka tare da kai, Allah ya ba ka haƙuri. Amma ran Litinin kada ka aiko ɗan kwangila. Ka zo da kanka ka ce min in tashi.