Ranar da Baba Ya Shigo ta Ƙofar Gaba

Shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, amma har yau in na bi ta unguwar tudu a Garuwa sai dariya ta kama ni.

Baba mahauci ne. A zamanin Nasara tudun nan na Turawa ne, mu kuwa muna gangare wajen kogin Binuwai, mu da sauro. Kullum da safe zai hau da nama, ya zagaya bayan gida, ya tsaya shiru har kuku ya fito. Baƙar fata ba ya bin ƙofar gaba. Aka samu mulkin kai, yawancin Turawan suka tafi, amma ƙafar Baba ba ta samu labari ba.

Da na zama ungozoma, gwamnati ta ba mu ɗaya daga gidajen nan, ni da maigidana. Shekara guda Baba yana zuwa ta baya, ya zauna bakin madafa. Abin yana ci mini rai.

Ranar sunan ɗana na fari na kulle ƙofar bayan, na ɗaure makullin a gefen zane. Sai ga Baba da rago, yana ƙwanƙwasawa.

"Hajara, buɗe mana."

"Baba, yau sai dai ku zagayo."

"Ke, can fa madam ke bi."

"Ai madam ɗin ce ke roƙonku, Baba."

Na ɗauka ya yi fushi ya juya. Can sai na ji sallama daga gaba, da muryar da yake kiran masu saye a kasuwa. Falo ya amsa gaba ɗaya. Ya shigo, ya dubi rufi, ya fita, ya sake doka sallama. "Ta farkon ta yau ce," in ji shi, "wannan ta shekarun baya." Ina dariya ina hawaye.

Da zai ga tudun yau, katangu sun ƙara tsawo, mai gadi a kowace ƙofa, gangare kuwa ruwa na cin sa duk damina. Na san zai ce launin masu gidan ne kawai ya sauya, kuma ba zai fasa sallamarsa ba.

Sallamar nan ita ya bar mana. Jikokinsa ko ofishin gwamna suka je, ta gaba suke bi, da murya sama. Makullin nan yana cikin akwatina, don har muka bar gidan ban ƙara buɗe ƙofar ba.