Ɗakin da Ba a Ƙarasa wa Mutum Magana

A gidanmu na Dutse Uku, in sanyin Jos ya sauko, ba mai iya zaman tsakar gida bayan an ci tuwo. A ɗakin Iya muke cunkushewa. Iya ita ta haifi mahaifinmu. Tana da wani tsohon kaskon wuta mai ɓararren baki, sai ta cika shi da gawayi, ta binne dankali a cikin toka, mu kewaye muna miƙa tafin hannu. Duk ’yan gida ne, sai Emeka, ɗan mai shagon da ke jikin gidanmu, wanda sai uwarsa ta zo da kanta take iya janye shi.

Ni ne mai i’ina a gidan. In zan kira yayata Hajara, sai in maƙale a “Ha-Ha-Ha”, yara su ce wai dariya nake. A makaranta na daina ɗaga hannu. In an aike ni shago, da yatsa nake nuna abin da nake so. Baffa Audu, ƙanen mahaifinmu, ya ce ai linzami ne ya riƙe mini harshe, a kai ni wajen wanzami ya yanke. Da kunnena na ji, na wuni ina taɓa ƙarƙashin harshena ina tunanin aska.

Iya ta sa na buɗe baki, ta haska da tocila, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, “Audu, harshen nan lafiyarsa ƙalau. Ku bar mini Sani.”

A daren ta gyara zama ta ce, “Ga wata nan ta taso.” Muka ce, “Ta iso mu ji ta.”

Wai an yi wani gari a gindin dutse, rijiyoyinsa suka ƙafe. A can saman dutsen akwai wata tsohuwa da ke kwance a kan idon ruwa tana barci. Masu kaifin baki na garin suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zuba mata magana kamar ruwan ƙanƙara, ya ga ba ta motsa ba, ya sauko yana zaginta. Sai wata yarinya, Ladi, mai i’ina, ta ɗauki tulunta ta hau. Ta durƙusa ta ce, “Ru-ru-ru…” Kalmar ta ƙi fita. Ta huta, ta sake. Tana ta fama har inuwa ta juya. Sai tsohuwa ta mirgina, ta ce, “’Yar nan, kunnena ɗaya ne mai ji, kuma a kansa nake kwance. Duk wanda ya zo, kafin in juya ya gama ya tafi. Me kike so?” Ladi ta ce, “Ruwa.” Tsohuwa ta matsa gefe, ruwa ya ɓalle. Ladi ta sauko tana waƙa.

Emeka ya yi wuf ya ce, “Iya, wannan yarinya shi kamar Sani ne!”

Na sunkuyar da kai. Iya ta ce, “Kamarsa ce mana. Shi ya sa waƙar ma shi zai yi mana.”

Ta rera sau ɗaya: “Tsohuwa ta juya, tulu ya cika, ku fito da ƙwarya, ku fito da randa.” Ta dube ni, ta fara tafi a hankali. Na buɗe baki cikin tsoro, sai ga waƙa ta fito sumul tun daga farko har ƙarshe. Hajara ta zaro ido. Ni kaina sai da na dafe bakina.

Daga nan kowace tatsuniya ta Iya sai ta zo da waƙa, kuma waƙar tawa ce. Da tafiya ta yi nisa, sai ta riƙa tsayawa a tsakiyar labari ta ce wai ta manta, Sani ya tuna mata. Nan kam nakan maƙale. Wata rana na tsaya a “ku-ku-ku”, Hajara ta ce, “Kura.”

Iya ta ce, “Ke, bakinki ne ko nasa? A ɗakin nan ba a ƙarasa wa mutum magana.” Ta ci gaba da juya dankali, kamar ba abin da take jira. Da ƙyar na fitar da ita: “Kunkuru.” Ashe ma ba kura nake nufi ba. Muka kwashe da dariya, har da ni.

I’inata ba ta tafi duka ba. Har yau in na gaji tana leƙowa. Abin da ya tafi shi ne tsoron buɗe baki. Na daɗe ina zaton tatsuniyar don ni aka yi ta, don in koyi haƙuri irin na Ladi. Sai da na girma na gane rabinta na su Hajara ne. Mai i’ina ya riga ya iya haƙuri. Masu sauraronsa ne ba su iya ba.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Kabong. Bara ƙaramin ɗana, Mustapha, ya fara tuntuɓe a magana, hankalin uwarsa ya tashi. Muka kai shi asibiti, aka haɗa mu da wata ƙwararriya kan matsalar magana. Ta gwada shi, ta ba mu atisayen da za mu riƙa yi a gida, ta ce mu sassauta namu harshen, mu dube shi in yana magana, kada mu ƙwace masa kalma. Na zauna ina gyaɗa kai, Iya kawai nake gani.

Kwanan baya ya shigo ɗaki a guje, ya kama hannuna. “Baba, a-a-a…” Na ajiye shayina, na dube shi, na jira. Ya ja numfashi, ya sake, har ya kai ƙarshe: akuyar maƙwabta ce ke cin takardun jarrabawar da na bari a baranda. Kafin in fita ta gama da na yara uku. Na tsaya riƙe da guntayen takarda ina murmushi, don jimlar nan shi ya faɗe ta da bakinsa, tun daga farko har ƙarshe.