Ƙarfen da Mai Fanka Ya Liƙa a Bayan Kunne

Duk gidan da maigidana ya shiga, silin yake fara gaisarwa kafin masu gida. Shekara talatin da huɗu ke nan ina fama da wannan hali. Mu je dubiya, ana miƙo masa hannu, shi kuwa ƙeya a baya, ido a sama, yana sauraron fanka. Sai na zungure shi sannan ya ce, "Af, ya mai jiki? Wannan fankar taku boris ɗin da take juyi a kai ya kusa cinyewa."

Sana'arsa ke nan, ɗaura fanka da gyaranta. Unguwa kaf Baba Mai Fanka ake ce masa, har da jikokinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuyansa ya yi kauri saboda kallon sama. Kayan aikinsa ba su da yawa: jakar fata mai filaya da sukundireba da testa da salatif, sai tsaninsa na alminiyon mai mataki bakwai, wanda yake ɗaurewa a gefen babur. Tsanin nan ya girmi autarmu. Ba ya ba da aronsa ko sama da ƙasa za su haɗu. Ni da nake matarsa, in zan sauko da akwati daga kan durowa sai dai in hau kujera.

Abin da ya yi suna a kai shi ne fanka mai lilo, wadda ke kaɗa kai kamar za ta faɗo wa mutane. Wasu masu gyara sai su ce a sayi sabuwa. Shi kuwa zai tsaya a ƙarƙashinta ya yi tsit, ya kashe ta, ya hau, ya ɗauko ɗan zoben ƙarfe irin wanda ake sawa a ƙarƙashin noti, ya liƙa a bayan fiffike ɗaya da salatif. A kunna, sai ta nutsu tana juyi lafiya lau. "Ba lalacewa ta yi ba," in ji shi, "gefe guda ne ya fi nauyi." Da wannan magana yake fassara komai na duniya. Ko faɗa muka yi, gefe guda ne ya fi nauyi, kuma ko da yaushe gefen nawa ne.

To, bara da zafi ya kankama, lokacin da waya ba ta barinsa ya gama shayi, sai na ga mutum ya canza. Idan na kira shi daga baya, ba ya waiwayowa da wuya, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar durowa. Takalmi da ƙafa yake laluba shi, ya daina sunkuyawa. Ya ƙara filo biyu a gadonsa. Sannan ina jinsa a waya yana ce wa mutane, "Ta tsaye ce ko ta sama? In ta sama ce, a ɗan ba ni kwana biyu." Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi hawa ba! Na tambaye shi, ya ce, "Gimbiya, sanƙarar wuya ce, kwanciya ce ban yi daidai ba." Gimbiya yake ce mini in yana so in yi shiru.

Kuma ga hula. Hular zani mai rufe kunne, wadda ba ya sawa sai da sanyi, ita ce a kansa a tsakiyar zafi, har cikin ɗaki. Wata safiya yana shan shayi, na zo wucewa da kwandon wanki, na fizge ta don in haɗa. Me zan gani? Salatif baƙi a bayan kunnensa na hagu, an giciye shi tsaf, a ƙarƙashinsa kuma zoben ƙarfe.

"Malam, mene ne wannan?"

"Wane?"

"Kada ka raina mini hankali. Ƙarfen fanka ne a kanka!"

Ya ajiye kofi, ya sosa gemu. "Dama nake karkata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Shi ne na ƙara wa hagu nauyi."

Wallahi sai da na zauna a kan kwandon wankin. Na yi dariya har hawaye, na share, na sake kallonsa na sake fashewa. Amma shi bai yi dariya ba, kuma da na lura da haka sai tawa ta tsaya. Na ce ya faɗa mini komai, kada ya rage ko wasali.

Ashe kwana goma sha ɗaya ke nan. Ya je ɗaura sabuwar fanka a gidan wata tsohuwar shugabar makaranta. Yana mataki na biyar, ya ɗaga kai zai ɗaure noti, sai ɗakin ya ɗauki juyi, silin da bango da labule suna bin juna. Ya rungume tsani ya kwatsa ihu, "Hajiya, kashe fankar!" Matar ta ce, "Wace fanka? Ga fuka-fukanta nan a kan kujera, ko ɗaurawa ba ka yi ba." Bai kai minti ɗaya ba abin ya lafa, ya bar shi da tashin zuciya da gumi. Ya lallaɓa ya gama aikin ido a ƙasa, da lalube. Tun daga ranar, in ya ɗaga kai ko ya juya dama a kan gado, sai jirin ya dawo. A lissafinsa, juyin fanka na shekara talatin ne ya taru a kansa.

Na ce, "Kwana goma sha ɗaya! Asibitin an ɗauke shi daga garin ne?"

Ina faɗar haka sai na gane dalili. Yayansa direban babbar mota ne. Shekara shida da suka wuce jiri ya kama shi, harshensa ya yi nauyi, hannu ya ƙi riƙe kofi. Ya ce gajiya ce, ya kwanta kwana biyu. Kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa ya shanye, kuma tun daga nan bai sake riƙe sitiyari ba.

"In na je," in ji maigidan, "abu ɗaya za su ce: Baba, ka ajiye tsani. To in na ajiye tsani, me ya rage? In zauna a ƙofar gida ina amsa gaisuwa?"

Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni. Na ce, "Yaya ba zuwa asibiti ne ya raba shi da mota ba, ƙin zuwa ne. Gobe da safe za mu tafi, ko ka so ko ka ƙi."

Kafin goben, labari ya fita, domin bakina ba ya ajiya. Da yamma sai ga maƙwabcinmu mai walda ya shigo, tabarau a goshi. Ya ce shi fa ya san ciwon nan, hawan jini ne, ya ciro ƙwayoyinsa daga aljihu yana cewa a gwada ɗaya a gani. Na ce, "Maigidan nan ƙofa ce da za ka gwada wa walda? Mayar da abinka!" Matarsa ta leƙo ta katanga ta ce jini ne ya yi ƙasa, a ba shi hanta. 'Yarmu babba ta bugo waya ta ce ruwa ne ba ya sha. Kowa ya zama likita, sai mai ciwon da ke zaune a tsakiya yana juya jiki kamar durowa yana cewa, "Haka ne, haka ne."

Da safe na hana shi taɓa babur, muka shiga motar haya. A hanya na gano ya sake liƙa ƙarfen. Na ƙyale shi, na ce bari likita ta gani da idonta, kada a ce ƙari nake yi.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarmu ba. Aka auna jininsa, aka tsikari yatsa don sukari, ta ja fatar idonsa ta duba, ni kuma na ba ta labarin yayansa. Ta tambaye shi ko yana shan wani magani, ko yana cin abinci a kan lokaci, ko in ya miƙe tsaye da sauri ne idonsa ke yin duhu.

"Jiri iri-iri ne, Baba," ta ce. "Wani yunwa ce, wani ƙarancin ruwa a jiki, wani ƙarancin jini, wani kuma maganin da mutum ke sha. Naka yaya yake? Duhu kake gani, ko ɗaki ne ke juyawa?"

"Ɗaki ne. Kamar fanka a lamba biyar."

Ta danne dariya. Ta sa shi ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya taɓa hancinsa da yatsa, ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. Sannan ta juyo wajena. "Mama, ki riƙe wannan, tunda na ga ke ce mai tuƙin gidan. In jiri ya zo tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko gani biyu-biyu, ko mutum ya kasa tafiya, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko suma, ba a jira gari ya waye. A lokacin ake kawo shi. Wanda ba shi da waɗannan ma, in yana dawowa, a zo a duba. Balle mai hawa sama." Na kalli maigidan, ya kalli takalminsa.

Ta zaunar da shi a gadon gwaji, ta kama kansa za ta juya shi, sai yatsanta ya ci karo da salatif. Ta ɗaga hular. Na ce, "Yawwa, tambaye shi." Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da yadda ake gane fiffiken da ya fi nauyi. Nas ɗin da ke gefe ta fita da gudu, hannu a baki.

Likitar kuwa ta ɓare salatif a hankali, ta ajiye ƙarfen a tebur. Ta juya kansa dama, ta kwantar da shi da sauri, ƙeya ta ɗan rataya a bakin gado. Sai ya damƙe hannuna ya ce, "Ga shi nan! Ga shi nan ya taso!" Na leƙa, na ga ƙwayar idonsa tana fizga da kanta. Likitar kuwa ko a jikinta, tana riƙe da kan har idon ya tsaya.

"Baba, ba ka yi nisa da gaskiya ba," ta ce. "Can cikin kunne akwai wurin da ke daidaita mutum. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi a ciki, sun fi yashi ƙanƙanta. Naka na dama ne suka zame suka shiga inda ba nasu ba, shi ya sa da ka ɗaga kai sai su gangara, kai kuma ka ga duniya na juyi. Ba irin na yayanka ba ne."

Yana kwance, ido a rufe, ya ce, "Gimbiya, kin ji? Gefe guda ne ya fi nauyi."

"Amma ba da salatif ake gyarawa ba," in ji likita.

Ta riƙa juya kansa mataki-mataki, daga dama zuwa hagu, ta mirgina shi a kan kafaɗa, tana dakatawa kowane lokaci, sannan ta tayar da shi zaune. Ta ɗan jira, ta sake gwadawa. Idon bai motsa ba. Ya dube ta irin kallon da yake yi wa mai gyaran da ya san aikinsa, ya ce, "'Yata, wa ya koya miki?" Daga nan ya yi tambayar da ta kawo shi. "Tsanin fa?"

"Mako guda ba hawa, ba babur. Ka dawo in sake dubawa. In na ga lafiya, ka hau abinka. Yana iya dawowa wata rana. In ya dawo, ka sauko, ka zo nan."

Makon nan mun sha fama. Ya gyara rediyo, ya gyara dutsen guga da ba abin da ya same shi, ya koya mini yadda ake yanka albasa. Ranar da muka koma, ta gwada shi ta kowane ɓangare, ta ce ya tafi.

Aikin farko a shagon wani tela ne, layi biyu daga gidanmu. Na yafa mayafi na bi shi. Ya ce, "Ina za ki?" Na ce, "Riƙon tsani." Ya yi ta mita har muka isa, wai za a ce matarsa ce ta rako shi aiki. Telan ya matsar da keke, ya share ƙyallaye, maigidan ya kafa tsani a tsakiyar shago, ni kuma na kama ƙafafunsa da hannu biyu.

Shekara talatin da huɗu yana fita da tsanin nan kowace safiya, ina ce masa a dawo lafiya, amma ban taɓa tsayawa a ƙarƙashinsa ba. Ban san haka matakan suke da siranta ba. Ban san a na shida yake tsayawa ba, hannu biyu a sama, ba abin da yake riƙe da shi. Ya ɗaga kai, ƙeya ta koma baya sosai. Ya ɗan tsaya. Sai na ji sukundireba ta fara aiki, shi kuma yana 'yar waƙarsa ta hanci.

Amma tsanin rawa yake. Ina ji a tafin hannuna, kar-kar-kar. Na ce, "Malam, sauko! Sauko, ya dawo!"

Ya leƙo ni daga sama, noti a baki, ya cire shi yana dariya. "Ni lafiyata ƙalau, Gimbiya. Ke ce kike girgiza shi. Saki, ki je ki zauna."

Na kalli hannuwana, gaskiyarsa ne. Telan ya turo mini kujera. Na ce ya bar kujerarsa, na ƙara damƙe tsanin har aka gama.